Likita Ya Amsa: Matsalolin da Ba Kasafai Ake Gani Ba a Gwajin Homon na Masu Ƙari a Fituwitari

Wasiƙun da na zaɓo a wannan karo duk sun fito ne daga mutanen da aka gano suna da ƙari a fituwitari, ko kuma daga iyalansu, kuma kusan dukkansu suna magana ne a kan gwaje-gwajen homon da ake yi kafin magani ko bayansa. Fituwitari wata 'yar ƙaramar gaɓa ce da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, nauyinta kusan rabin giram, tana zaune a cikin wani ɗan gurbi na ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci. Duk da ƙanƙantarta, ita ce ke aika homon, wato sinadaran da ke ba da umarni ga tayirod da ke wuya, da adirenal da ke saman ƙoda, da gaɓoɓin haihuwa na namiji da mace, kuma ita ce ke fitar da homon na girma da na samar da ruwan nono. Mafi yawan ƙarin da ke tsirowa a cikinta ba ciwon daji ba ne, amma yana iya sa ta fitar da wani homon fiye da kima, ko ya danne ta har ta kasa aikinta.

Gwajin homon iri biyu ne, kuma wajibi ne mai karatu ya bambanta su tun daga farko. Akwai wanda ake ɗibar jini kawai a auna abin da ke cikinsa, wannan ba shi da wani haɗari da ya wuce zafin allura. Akwai kuma gwajin zaburarwa, wanda ake shigar da wani sinadari cikin jiki, ko a hana jikin wani abu da yake buƙata, domin a ga yadda fituwitari za ta amsa. Kusan duk matsalolin da za a ambata a ƙasa daga wannan nau'i na biyu suke tasowa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da babban ƙari a fituwitari, har an tsayar da ranar tiyata. Kafin ranar aka yi masa wani gwaji da ake allurar magunguna a jijiya ana ɗibar jini lokaci bayan lokaci. Ba a yi awa guda ba sai ciwon kai mai tsanani ya kama shi, ya yi ta amai, fatar idonsa ɗaya ta sauko ta rufe idon, ya ce yana ganin abu bibbiyu. An yi masa tiyatar gaggawa, kuma yanzu ya samu sauƙi, amma an ce zai riƙa shan magani kullum. Shin gwajin ne ya jawo masa wannan, kuma kuskure aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ina yi wa maigidanki barka da arziki, Allah Ya ƙara masa lafiya. Abin da kika bayyana ya yi daidai da lalurar da likitoci ke kira afofileksin fituwitari, wato jini ya ɓalle a cikin ƙarin farat ɗaya, ko kuma jini ya yanke wa wani sashe nasa har naman ya mutu ya kumbura. Tun a shekarar 1898 wani likita Ba'amurke mai suna Pearce Bailey ya rubuta bayanin irin wannan zubar jini, amma sai a 1950 lalurar ta samu sunan da ake kiran ta da shi a yau. Tana faruwa sau da yawa ba tare da wani dalili na zahiri ba, har ga mutumin da bai ma san yana da ƙari ba. Sai dai an san wasu abubuwa da ke iya tayar da ita, kamar hawan jini, da babbar tiyata musamman ta zuciya, da magungunan tsinka jini, da bugu a kai, da juna biyu, sannan da gwajin zaburarwa irin wanda aka yi masa.

Sinadaran da aka fi dangantawa da wannan matsala su ne TRH, wanda ke zaburar da fituwitari ta umarci tayirod, da GnRH, wanda ke zaburar da homon na haihuwa. An kuma samu rahotannin faruwarta bayan allurar CRH, wanda ke zaburar da fituwitari ta umarci adirenal, da bayan gwajin insulin, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa an haɗa musu sinadarai biyu ko uku ne a zama ɗaya, kamar yadda aka saba yi a da domin a auna komai lokaci guda. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne cewa babban ƙari yana girma fiye da yadda jijiyoyin jininsa za su iya ciyar da shi, kuma jijiyoyin nasa ba su da ƙwari, ga shi a matse cikin gurbin ƙashi wanda ba ya buɗewa. Idan aka zaburar da ƙwayoyinsa suka hau aiki da ƙarfi, buƙatarsu ta jini da sukari tana ƙaruwa nan take, alhali TRH yana iya ɗaga hawan jini na ɗan lokaci ya kuma tsuke ƙananan jijiyoyi. Haɗuwar waɗannan abubuwa ita ce ke iya kai ƙarin ga mutuwar nama ko zubar jini. Yawanci alamun suna bayyana ne cikin mintuna ko awanni kaɗan bayan allurar, ko da yake an ga waɗanda suka jinkirta har kwana biyu ko uku, kuma wannan kusancin lokaci shi ne ke sa a ce mai yiwuwa gwajin ne ya tayar da na maigidanki.

Alamun da kika gani kowannensu yana da dalilinsa. Ciwon kan da ke zuwa kwatsam, wanda majiyyata kan ce ba su taɓa jin irinsa ba, yana tasowa ne daga miƙewar fatar da ke lulluɓe da gurbin. Kai tsaye a saman fituwitari akwai mahaɗar jijiyoyin gani na idanu biyu, don haka idan ƙarin ya kumbura sama sai gani ya dusashe, musamman ta gefe da gefe. A hagu da dama kuma jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido suke wucewa, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira jijiya ta uku, ita ce ke ɗaga fatar ido, shi ya sa tasa ta sauko yake kuma ganin abu bibbiyu. Amma abin da ya fi kowanne haɗari ba a ganinsa da ido, shi ne yankewar homon ɗin ACTH, wanda ke umartar adirenal ta fitar da kotisol. Idan babu kotisol, bugun jini yana faɗuwa, gishirin jini da sukari suna sauka, kuma mutum yana iya rasa ransa. Saboda haka ƙa'idar da likitoci suka yarda da ita ita ce a yi wa majiyyaci allurar haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotisol, miligiram 100 ga babban mutum, da zarar an yi zargin wannan lalura kuma yana cikin mawuyacin hali, ba tare da jiran sakamakon ɗakin gwaje-gwaje ba. Daga nan sai hoton MRI da auna gani. Wanda ganinsa ya taɓu sosai ko hankalinsa ke gushewa ana yi masa tiyata ta hanci, an fi so cikin mako na farko, wanda kuma alamunsa ba su tsananta ba ana iya sa masa ido a asibiti da magani kawai.

Game da kuskure, ba zan yanke hukunci a kan likitocin da suka duba shi ba, domin akwai lokutan da gwajin yake da dalili mai ƙarfi, kuma ana yi wa mutane masu yawa irinsa ba tare da wata matsala ba. Abin da zan faɗa da gaskiya shi ne, a yau likitocin homon da yawa sun daina yin gwajin TRH da GnRH ga mai babban ƙari kafin tiyata, saboda bayanin da gwajin ke bayarwa ba kasafai yake sauya abin da za a yi wa majiyyaci ba, kuma gwajin jini na yau da kullum ya isa a mafi yawan lokuta. Ni ma wannan ra'ayi nake bi. Kina da haƙƙin ki nemi a zauna da ku a yi muku bayanin dalilin da ya sa aka zaɓi gwajin.

Maganin da aka ce zai riƙa sha kuwa, ki riƙe shi da muhimmanci ƙwarai. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan lalura suna fita da ƙarancin homon ɗaya ko fiye. Idan haidirokotizon yana cikin magungunansa, kada ya tsallake ko da kwana ɗaya, kuma ku tambayi likitansa yadda zai ƙara adadin a ranar da zazzaɓi ya kama shi. Idan amai ya hana maganin zama a cikinsa, asibiti za a nufa domin allura, ba a jiran gari ya waye.

Tambaya: Likita, hoton MRI ya nuna ina da ƙari mai milimita 22. Na ji labarin abin da gwajin homon ke jawowa, kuma yanzu an rubuta mini gwaje-gwaje da yawa. Gaskiya tsoro ya kama ni, ina tunanin in ƙi yin ko ɗaya. Mece ce shawararka?

Amsa: Malam, ƙin gwajin gaba ɗaya ya fi yin sa haɗari nesa ba kusa ba, kuma zan faɗa maka dalili. Duk ƙarin da ya kai milimita 10 ko fiye ana lissafa shi a matsayin babba, don haka naka yana cikin wannan rukuni, kuma irinsa yana iya danne sauran fituwitarin har kotisol ɗinka ya ragu ba ka sani ba. Mutumin da aka kai ɗakin tiyata da ƙarancin kotisol wanda ba a gano ba yana cikin haɗari na gaske. Haka kuma akwai gwaji ɗaya da zai iya kuɓutar da kai daga tiyatar baki ɗaya, shi ne auna furolaktin, homon ɗin da ke samar da ruwan nono. Idan ƙarin naka mai fitar da furolaktin ne, maganin sha irin su kabagolin ko buromokiriftin shi ne matakin farko, kuma sau da yawa yana sa ƙarin ya ƙanƙance ba tare da wuƙa ba.

Ka duba takardar da aka rubuta maka, ka tambaya wanne ne ɗibar jini kawai, wanne ne kuma za a yi maka allurar wani abu. Kotisol na safe da ake ɗiba tsakanin ƙarfe 8 da 9, da homon na tayirod, da furolaktin, da sinadarin IGF-1 da ke nuna yawan homon na girma, da testosteron, wato homon na namiji, da gishirin jini, duk waɗannan ɗibar jini ce kawai, kuma ba sa taɓa ƙarin ko kaɗan. Idan kuwa akwai na zaburarwa, tambaya ɗaya ce za ka yi wa likitanka cikin girmamawa: shin sakamakon wannan gwaji zai sauya maganin da za a yi mini? Idan amsar ita ce zai sauya, to a yi shi a asibitin da ke da ikon ɗaukar hoto da ba da kulawar gaggawa, bayan likitan ya ga hoton MRI ɗinka da idonsa, kuma ka sanar da shi idan kana shan maganin tsinka jini ko kana da hawan jini. Bayan gwajin, kada ka kwana kai kaɗai a daren farko, kuma mutanen gidanka su san cewa ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya, ko amai, ko dusashewar gani, ko ruɗewa, dalili ne na komawa asibiti nan take tare da faɗa wa wanda ya karɓe ku cewa akwai ƙari a fituwitari. Wannan bayani yana da amfani sosai, domin alamun suna kama da na sanƙarau ko na zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma likitan da bai san tarihinka ba zai iya ɓata lokaci yana neman wani abu daban.

Akwai wani abu da ya shafi furolaktin wanda ya kamata masu babban ƙari su sani, ko da yake shi matsalar na'ura ce ba ta jiki ba. Idan furolaktin ya yi yawa matuƙa, wasu na'urorin awo suna cika har su ba da adadi ƙarami na ƙarya, sai a ɗauka ƙarin ba mai furolaktin ba ne a kai mutum tiyatar da ba ya buƙata. Maganin wannan shi ne a tsarma samfurin jinin, yawanci kashi ɗaya cikin ɗari, a sake aunawa.

Tambaya: Barka da aiki, Likita. An yi mini tiyatar fituwitari watanni huɗu da suka wuce, kuma an ce za a yi mini gwajin insulin domin a ga ko zan iya daina shan haidirokotizon. An ce da gangan za a saukar da sukarin jinina. Ina da farfaɗiya tun ina yarinya, amma ta daɗe ba ta tashi ba saboda ina shan magani. Ko akwai matsala?

Amsa: Akwai matsala, Malama, kuma na ji daɗin da kika tambaya kafin ranar. Farfaɗiya tana cikin manyan dalilan da ke hana yin wannan gwaji, ko da ta shekara da shekaru ba ta tashi ba, don haka ki tabbata likitan da ya rubuta gwajin ya san da ita, domin mai yiwuwa ba ta cikin takardun da ke gabansa.

Yadda gwajin yake shi ne, bayan mutum ya kwana bai ci komai ba, ana yi masa allurar insulin a jijiya gwargwadon nauyinsa, yawanci tsakanin ma'auni 0.1 da 0.15 ga kowane kilogiram, har sukarin jininsa ya sauka ƙasa da milimol 2.2 a lita, wanda ya yi daidai da miligiram 40 a desilita. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar wannan faɗuwa a matsayin barazana, sai ta umarci fituwitari ta saki ACTH da homon na girma, a kuma auna yadda suka tashi cikin kusan awa biyu. Gumi, da rawar jiki, da yunwa, da bugun zuciya da sauri, duk ana sa ran ganinsu, kuma su ne ma shaidar cewa gwajin ya kai inda ake so. Abin da ba a so, wanda kuma ba kasafai yake faruwa ba a hannun ƙwararru, shi ne jijjiga, ko suma mai nisa, ko rikicewar bugun zuciya. Ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya ta fi saurin jijjiga idan sukari ya yi ƙasa. Zuciyar da jijiyoyinta suka tsuke kuma ba ta jure ambaliyar adirenalin da ke biyo baya, ga kuma sinadarin fotasiyam na jini da insulin ke saukarwa. Shi ya sa ba a yin gwajin ga mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai juna biyu, ana kuma guje masa ga tsofaffi, kuma ana ɗaukar hoton bugun zuciya kafin a fara. Wanda kotisol ɗinsa na safe ya riga ya yi ƙasa sosai shi ma ba ya buƙatar gwajin, domin amsar ta riga ta fito.

Sharaɗin yin sa lafiya shi ne likita ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe, da allurar ruwa a hannu, da ruwan sukari da haidirokotizon a ajiye kusa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran sukarin ma yana buƙatar natsuwa. A shekarar 1992 an wallafa wani rahoto a Birtaniya kan yaran da suka cutu, har wasu suka rasu, bayan gwajin homon na girma, kuma babban darasin da aka koya shi ne cewa ɗura ruwan sukari mai kauri da yawa cikin firgici yana iya yin illar da ta fi ta faɗuwar sukarin. Tun daga nan aka ƙara tsananta ƙa'idojin gwajin ga yara, kuma iyaye su sani cewa bai kamata a yi shi ba sai a sashen da ya ƙware da shi.

A gare ki, akwai hanyoyi biyu da suka fi dacewa. Tunda an wuce makonni shida da tiyata, gwajin sinakten, wanda ake allurar sinadarin da ke kwaikwayon ACTH, zai iya amsa tambayar kotisol. Idan kuma ana son a auna homon na girma, akwai gwajin gulukagon, wanda ake allurar miligiram 1 a tsoka, ko 1.5 ga mai nauyi sosai, a ɗebi jini na tsawon awa uku zuwa huɗu. Shi ma yana da nasa wahalar, domin yana sa tashin zuciya da amai, kuma sukari yana iya sauka a ƙarshensa, don haka likitanki ne zai auna ko ya dace da ke, kuma kada ki bar asibiti sai kin ci abinci an sake auna sukarinki. Kada kuma ki daina haidirokotizon da kanki kafin gwaji, sai yadda aka tsara miki.

Tambaya: Likita, an ce ina da cutar Cushing, amma hoton MRI bai nuna ƙarin a fili ba. Yanzu an ce za a zura bututu daga cinyata har zuwa kaina a ɗebi jini. Wannan abu yana ba ni tsoro. Ba zai shanye mini jiki ba?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana da dalili, amma bari in auna miki shi. Cutar da Harvey Cushing ya bayyana a 1932 tana tasowa ne daga ƙaramin ƙari a fituwitari da ke fitar da ACTH fiye da kima, kuma sau da yawa ƙarin yana da ƙanƙanta har hoto ba ya kama shi. Matsalar ita ce wani ƙari a wani wuri daban, musamman a huhu, shi ma yana iya fitar da ACTH ya ba da alamu iri ɗaya. Idan ba a tantance ba, ana iya yanka fituwitari mai lafiya a bar tushen cutar a inda yake. Gwajin da aka ba ki shawara shi ne mafi inganci wajen raba waɗannan biyun. Ana shigar da siraran bututu ta jijiyoyin gindin cinya biyu, ana bin su da hoto har su isa ƙananan jijiyoyin da ke kwashe jini daga fituwitari, sannan a kwatanta ACTH na wurin da na jinin hannu kafin allurar CRH ko desmofiresin da bayanta. Idan ACTH na jinin kai ya ninka na hannu sau biyu kafin allura, ko sau uku bayanta, to tushen yana fituwitari.

Matsalar da aka fi gani ita ce taruwar jini da kumburi a wurin da aka huda a cinya, da ɗan ciwon kai ko na kunne lokacin da bututun ya isa sama, kuma waɗannan suna wucewa. Waɗanda ba kasafai ake gani ba, amma an tabbatar da faruwarsu, su ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa wanda zai iya tafiya huhu, da rauni ga jijiyar da ke juya ido, da kuma mafi muni, cutuwar tushen ƙwaƙwalwa. Daskarewar jini ta fi damuna a kan masu wannan cuta, domin yawan kotisol da kansa yana sa jini saurin daskarewa, shi ya sa cibiyoyi da yawa ke ba da heparin, maganin tsinka jini, lokacin aikin. Ana barin majiyyaci a farke ne da gangan, don haka idan kin ji magana tana sarƙe miki, ko fuska ta yi sanyi, ko jiri ya taso, ki faɗa nan take a dakatar. Abin da ya fi rage haɗarin shi ne hannun wanda ya saba yin aikin, saboda haka ki tambaya ko ana yin sa a kai a kai a wurin. Ki kuma sanar da su idan kina da ciwon ƙoda, ko ruwan rinin hoto ya taɓa tayar miki da borin jini.

Tambaya: Tun bayan tiyata ɗana yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari dare da rana. An ce za a hana shi ruwa na wasu awanni domin gwaji. Zan iya gwada masa a gida in ga yadda zai yi?

Amsa: Kada ka gwada wannan a gida, Malam, ko da na awa biyu ne. Sashen baya na fituwitari yana sakin homon ɗin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, kuma idan tiyata ta taɓa shi, ƙoda tana ci gaba da zubar da ruwa ko mutum ya sha ko bai sha ba. Ƙishirwar da kake gani ita ce ke kare ɗanka. Idan aka hana shi ruwa ba tare da sa ido ba, jikinsa zai bushe da sauri, sodiyam, wato gishirin jini, ya hau, kuma hakan yana iya kai yaro ga ruɗewa da jijjiga. A asibiti ana auna nauyinsa da fitsarinsa da jininsa a kai a kai, ana kuma tsayar da gwajin da zarar nauyin ya ragu da kusan kashi 3 cikin 100, ko sodiyam ya haura iyaka. Sau da yawa ma, ga wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, gwajin jini da na fitsari na lokaci ɗaya sun isa, ba sai an hana ruwa ba.

Haɗarin da mutane ba su cika sani ba yana zuwa ne a ƙarshen gwajin. Ana ba da desmofiresin, maganin da ke kwaikwayon homon ɗin riƙe ruwa, domin a ga ko ƙoda za ta amsa, kuma idan ta amsa ta fara riƙe ruwa, majiyyaci kuma ya rama ƙishirwarsa da shan ruwa mai yawa, sodiyam yana iya faɗuwa ƙasa sosai cikin awanni, da ciwon kai da amai da ruɗewa. Don haka za a ƙayyade masa abin da zai sha a wannan rana, kuma aikinka ne ka taimaka a kiyaye adadin.

Tambaya: Ina da asma, an kuma rubuta mini gwajin sinakten. Shin yana da haɗari?

Amsa: Wannan yana cikin gwaje-gwajen zaburarwa mafi sauƙi, Malama. Ana allurar maikirogiram 250 na sinadarin da ke kwaikwayon ACTH, a auna kotisol bayan minti 30, wani lokaci har da minti 60, kuma adirenal yake zaburarwa ba fituwitari ba. Ɗan zafi a fuska ko tashin zuciya na iya zuwa su wuce. A lokuta ƙalilan jiki yana ƙin maganin da ƙarfi, da borin jini da kumburin fuska da sarƙewar numfashi, kuma masu asma sun fi kusa da wannan, don haka ki faɗa musu tun kafin allura, ki zo da abin shaƙarki, ki kuma zauna ƙarƙashin kulawarsu har a sallame ki. Ki ambaci magungunan asmar da kike amfani da su, domin waɗanda ke ɗauke da sitiroyid suna iya sauya sakamakon, haka ma ƙwayoyin da ke ɗauke da istirojin, wato homon na mata.

Tambaya: Likita, ni dattijo ne, kuma shekaru da suka wuce an ce ina da ƙari a fituwitari wanda ba ya buƙatar tiyata. Yanzu an gano ina da dajin furostet, za a fara yi mini allurar homon. Ko akwai alaƙa tsakaninsu?

Amsa: Baba, akwai alaƙa, kuma kun yi daidai da kuka tuna da tsohon ƙarin. Alluran da ake yi wa dajin furostet, gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara, irin su lufurolaid da gosarelin 'yan uwan GnRH ne, kuma kafin su danne homon na namiji, suna fara zaburar da fituwitari da ƙarfi a kwanakin farko. An samu rahotannin afofileksi bayan allurar farko, wani lokaci cikin awanni, wani lokaci cikin makonni biyu na farko, kuma mafi yawan waɗanda abin ya faru da su suna da ƙarin da ba a san da shi ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma bai kamata ya hana ku maganin daji ba. Abin da ya dace shi ne ku kai tsofaffin takardunku da hotunanku ga likitan da ke kula da furostet ɗin kafin allurar farko, a nemi ra'ayin likitan homon, a kuma sabunta hoton MRI idan an daɗe ba a ɗauka ba. Idan ƙarin ya girma, akwai wasu magunguna irin su degarelis da ke toshe aikin GnRH kai tsaye ba tare da wannan zaburarwa ta farko ba, kuma likitocinku biyu za su iya zaɓar wanda ya fi dacewa da ku.